Ɗan Karen Da Na Raina

Yara, a ƙafata ta hagu, sama da idon sawu kaɗan, akwai tabo guda huɗu ƙanana, kamar inda ƙayar aduwa ta soki mutum. Kare ne ya yi mini su. Duk wanda na gaya wa haka sai ya ce: "Ash! Halama wani ƙaton kare ne na mafarauta?" Sai in yi dariya. Karen da ya cije ni bai fi ɗan akuya na kwana bakwai girma ba. Kuma ran nan yana sanye da ƴar riga ja mai maɓalli.

Ni malamin makaranta ne, mushe kamar yadda kuke cewa. A shekarar 2011 aka tura ni ƙasar Faransa ƙarin ilmi na wata uku. Garin da na sauka sunansa Bezanson. Yana gabashin ƙasar, ba nisa da iyakar Suwis. Wani kogi ya kewaye tsohon garin kamar munduwa a hannu. Na isa cikin kaka, sanyi ya fara sauka. Aka ba ni ɗaki a wani gidan bene, a hawa na uku.

Abu na farko da ya ba ni mamaki a can shi ne karnuka. A wurinmu kare yana waje. Yana gadin gida, yana bin garke, yana zuwa farauta. In an ci tuwo a jefa masa ƙanzo. Ba wanda ke ɗaukarsa a hannu. A can kuwa kare yana kwana cikin ɗaki, yana shiga mota, yana da likitansa, yana da takardarsa mai suna da ranar haihuwa. Na ga mace ta saka karenta cikin jaka kamar mai zuwa kasuwa da kaza. Na riƙe baki.

A gidan benen namu akwai karnuka biyu.

Na farko na wani saurayi ne mai gyaran mota, a hawa na ƙasa. Baƙi ne wuluk, da ja-ja a baki da ƙafafu. Irinsa ana ce masa Rotwaila. Nauyinsa ya kai kilo 50, wato rabin babban buhun gero. Kansa kamar turmi. Duk lokacin da za su fita, sai saurayin ya sa masa takunkumi a baki, ya ɗaura masa igiya mai kauri. Ni kuwa da na hango su sai gabana ya faɗi. In suna hawa dama, ni ina hagu. In na ji motsinsu a ƙofa, sai in tsaya a bene har su wuce.

Na biyu na wata tsohuwa ce a hawa na biyu. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta suna wani gari, ita kaɗai take zaune da ɗan karenta. Irinsa ana ce masa Tekel: dogon jiki, gajerun ƙafafu, kunnuwa suna lilo. In yana tafiya sai ka ce damo ne aka sa wa gashi. Kullum muka gamu a bene sai ya yi mini gurnani, ya ɗaga leɓe, haƙora su fito. Ni kuma in yi dariya, in ce masa da Hausa: "Kai, ɗan ƙarami da kai, wa za ka tsorata?" Tsohuwar ita ma ta yi dariya, ta ce wasa yake yi.

Wata rana saurayin ya lura ina gudunsu. Ya tsayar da ni, ya ce: "Mushe, zo ka ga takardunsa." Ya fito da wata jaka cike da takardu, ya fi na ɗalibin da zai shiga jarrabawa. A nan na fara jin labarin dokar.

A Faransa, tun ranar 6 ga Janairu 1999, doka ta ware wasu irin karnuka ta ce masu haɗari ne. Ta raba su kashi biyu. Kashi na 1 su ne waɗanda ake kira karnukan kai hari, kamar wanda mutane ke ce wa Fitbul. Waɗannan an hana sayensu, an hana sayar da su, an hana shigo da su ƙasar. Wanda yake da su dole ya kai a yi musu aikin da zai hana su haihuwa. Ba su shiga motar haya ko jirgin ƙasa. Kashi na 2 su ne karnukan gadi da tsaro. Rotwaila yana cikinsu. Su an yarda a ajiye su, amma ba su fita titi sai da takunkumi da igiya, kuma babban mutum ne zai riƙe igiyar. Yaron da bai kai shekara 18 ba, ba ya mallakar ko ɗaya daga cikinsu.

A 2008 aka ƙara wa dokar ƙarfi. Mai irin wannan kare sai ya nemi izini wajen magajin gari. Sai ya yi karatu na yini guda, awa 7, kan yadda ake riƙon kare. Sai likitan dabbobi ya gwada halin karen tun yana da wata 8 zuwa 12, ya ba shi mataki daga 1 zuwa 4. Mataki na 1 shi ne karen da ba a ga wani haɗari na musamman gare shi ba. Mataki na 4 shi ne mai haɗari ƙwarai. Saurayin ya nuna mini takardar nasa karen. Mataki na 1. Na karanta, na gyaɗa kai, na yi masa godiya. Amma zuciyata ba ta karanta takardar ba. Washegari na ci gaba da gudunsu.

Abin ya faru ran wata Asabar da safe. Na fito zan je sayen burodi. Ina taka titi sai na hango saurayin da ƙaton karensa suna tahowa. Kamar kullum na tsallake zuwa ɗaya gefen. A can akwai benci, tsohuwar tana zaune tana shan hantsi. Ɗan karen yana ƙarƙashin bencin da ƴar rigarsa ja, yana gwaguyar wani abu. Idona yana kan babban. Na ja da baya, na ja da baya, har ƙafata ta kai bakin bencin. Na ji gurnani a ƙasa. Na san muryar, ban ko duba ba.

Sai na ji kamar an soka mini ƙusa mai zafi. Ya kama ni ta cikin wando, ya girgiza kai sau biyu, ya saki. Na ɗaga ƙafar wandon. Ramuka huɗu, jini yana tsattsafowa. Babban karen kuwa ya tsaya can nesa, ya zauna, yana kallonmu ta cikin takunkuminsa. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ni ƙafa ya tsone mini.

Tsohuwar ta ce: "Ba kome, mushe, ɗan ƙwarzane ne." Ban tsaya saurarenta ba. Na hau bene da gudu, uku-uku, na buɗe famfo, na ɗauki sabuni. Hannuna yana rawa. Na yi ta wankewa, ina wankewa, ina kallon agogo. Mutanen gidan sun ɗauka na zauce. Babban mutum mai furfura a gemu, saboda cizon ɗan kare mai riga! Ba su san abin da na tuna ba. Bari in gaya muku.

A 1984, shekarar da aka yi babban fari, ina da shekara 9. Muna zaune a wani ƙauye arewa da Tasawa. Ina da taubashi, ɗan kawuna, na girme shi da shekara guda. Tare muke kiwon awaki, tare muke harbin kurciya, tare muke shan duka. Wata rana da yamma muka tarar da ɗan kwikwiyo a gindin gawo, bayan rijiya. Shi kaɗai, ba uwa. Yana tafiya yana tangaɗi, miyau yana zuba daga bakinsa. Muka ce yunwa ce, don a shekarar nan kowa da kome yunwa yake ji. Taubashina mai tausayi ne. Ya sunkuya ya ɗauke shi. Kwikwiyon ya cije shi a hannu, tsakanin babban yatsa da manuni.

Cizon bai kai tsagar wanzami ba. Da muka koma gida kawu ya duba, ya ce: "Kwikwiyo ne, haƙoran nono ne. Da dai babban kare ne, da sai mu tafi likita." Kaka ta ƙona tsumma ta shafa tokar a wurin. Gidan likita yana da nisa, tafiyar rabin yini a amalanken shanu, shanun kuma sun rame. Ba wanda ya ga laifin kawu. Ni ma har yau ban ga laifinsa ba. Abin da ya sani ke nan. Kwikwiyon ya mutu bayan kwana huɗu, aka jefar da shi bayan gari. Ciwon hannun ya warke sarai. Muka manta.

Bayan kamar sati shida, taubashina ya fara zazzaɓi. Ya ce tabon hannunsa yana ƙaiƙayi, yana zuga. Kwana biyu bayan nan aka kawo masa ruwa a ƙwarya. Yana jin ƙishirwa, ya miƙa hannu, amma da ruwan ya zo kusa da bakinsa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture ƙwaryar yana kuka. Ko iska ta taɓa fuskarsa sai ya firgita. Mutane suka ce iskoki ne. Aka yi turare, aka yi rubutu. A ƙarshe aka ɗora shi a amalanke. Malamin likita ya dube shi, ya yi tambaya guda: "Kare ya taɓa cizonsa?" Kawu ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Ɗan kwikwiyo ne fa." Malamin ya sunkuyar da kai. Taubashina ya rasu kwana biyar da fara ciwon.

Sunan wannan ciwo haukan kare. Sai da na girma na san yadda yake aiki. Ƙwayar cutar tana cikin miyan dabbar da ta kamu. In haƙori ya huda fata, miyau ya shiga, sai ƙwayar ta kama jijiya ta riƙa hawa sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata biyu ko uku. Wani lokaci sati guda, wani lokaci har shekara. In cizon a fuska ne ko a hannu, takan fi saurin isa. Muddin tana kan hanya, allura tana iya tare ta. In ta riga ta isa, alamu suka bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Ƙwayar ba ta auna karen da ta shiga. Miyan kwikwiyo da miyan ƙaton kare duk ɗaya ne wurinta.

To, kun ji abin da ya sa na wanke ƙafata minti 15 cur a ɗakina na Bezanson. Haka masana lafiya suka ce a yi: ruwa mai yawa da sabuni, minti 15, nan take. Sabuni yana lalata ƙwayar, ruwa yana fitar da ita. Bayan nan na tafi wurin likita ina ɗingishi.

Likitar mace ce. Ta duba ramukan, ta ce ƙananan haƙora masu tsini sukan shiga da zurfi, bakin ciwon ya rufe, ƙazanta ta zauna ciki ta yi ruwa. Ta ba ni magani, ta yi mini allurar tetanos, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya ɗaure muƙamuƙi. Na ce: "Haukan kare fa?" Ta ce in kwantar da hankalina. Tun 2001 aka tabbatar Faransa ta rabu da wannan ciwo a dabbobin da ke tafiya a ƙasa. In an same shi a kare, to daga wata ƙasa aka shigo da karen. Wannan kuwa a unguwar aka haife shi. Duk da haka, ta ce, doka ba ta yarda a yi zato ba. Duk karen da ya ciji mutum, babba ko ƙarami, kowane iri ne, sai an kai shi wurin likitan dabbobi sau uku: cikin awa 24 na farko, da rana ta 7, da rana ta 15. Sai kuma an sanar da ofishin magajin gari. Sai an gwada halinsa, kamar yadda aka gwada na Rotwaila.

Da yamma tsohuwar ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ta kawo mini waina irin tasu a faranti. Idanunta sun yi ja. Ta ce: "Mushe, don Allah kada ka kai magana. Za su kashe mini shi. Shi kaɗai gare ni." Sai ta ƙara da cewa: "Ai ba ya cikin jerin masu haɗari. Na ƙasa ne ke ciki, ba nawa ba."

Yara, na sha wuya a daren nan, fiye da wuyar cizon. Ni baƙo ne a ƙasar mutane. Tsohuwar nan sa'ar mahaifiyata ce. A tarbiyyarmu, in tsohuwa ta kawo maka abinci ta roƙe ka, ba ka cewa a'a. Na kusa cewa to. Amma maganarta ta tsaya mini a kunne, don na taɓa jin irinta. "Ba ya cikin jerin." "Kwikwiyo ne fa." Harshe biyu ne, shekara 27 tsakani, amma magana ɗaya ce.

Na ce mata: "Inna, ba zan ɓoye ba. Ko na ɓoye, likita ta riga ta sani, ita ma doka ta ɗora mata ta faɗa. Amma zan raka ki duk inda za ki, in gaya musu ni na taka kusa da shi yana cin abinci." Da Faransanci na yi maganar, amma kalmar Inna da Hausa ta fito. Ta tambaye ni ma'anarta. Na gaya mata. Ta yi shiru, ta bar mini farantin ta sauka.

Muka tafi tare. A ɗakin likitan dabbobi aka yi ta yi mata tambayoyi, sai ga abin da ba a taɓa faɗa ba yana fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ashe ni ne na uku. Ya taɓa yage wandon mai kawo wasiƙu. Ya taɓa cizon jikarta ƴar shekara 4 a leɓe, ran da yarinyar ta sunkuya za ta sumbace shi. An yi ɗinki biyu. Ba wanda ya kai magana ko'ina, don kowa ya ce ɗan ƙarami ne. Da Rotwailan ƙasa ne ya yi ko ɗaya daga cikin waɗannan, da unguwa duka ta tashi.

Likitan ya shafa bayan karen a hankali. Da ya kai tsakiya sai karen ya yi ƙara, ya juyo zai kama hannunsa. Ya ce irin Tekel suna yawan ciwon baya saboda tsawon jikinsu. Wannan ya daɗe yana jin zafi, shi ya sa ba ya son a matso shi. Kuma tun yana ƙarami in ya yi gurnani dariya ake yi masa, ba a ja da baya. Gurnani kuwa gargaɗi ne. Karen da aka ƙi jin gargaɗinsa, wata rana sai ya bar gargaɗi ya yi aiki. Na tuna dariyar da nake yi masa a bene, kunya ta kama ni.

Ba a kashe shi ba. Aka ba shi mataki na 2, aka ba shi maganin baya, aka ce in yara suna gidan a rufe shi a wani ɗaki. Aka saya masa ɗan takunkumi wanda bai fi kofin shayi ba. Rana ta 15 likitan ya sa hannu a takarda ta uku: lafiyarsa lau. A daren nan ne na fara barci mai nauyi. Kun ga, a gidan benenmu ƙaton da doka ta kira mai haɗari yana mataki na 1, ɗan mai riga ja yana mataki na 2.

Wannan abu ya sa na yi ta bincike. Na tarar ba Faransa kaɗai ke da irin wannan jeri ba. Ingila ta yi tata dokar a 1991, ta hana iri huɗu, daga baya a 2024 ta ƙara wani. Holan ta hana Fitbul a 1993, sai ta soke hanin a 2008, don an ga cizo bai ragu ba. Italiya ta yi jeri, ita ma ta watsar da shi a 2009, ta ɗora nauyin a kan mai karen. A 2008 kuma wasu masana na jami'ar Fensilbaniya a Amurka suka tambayi masu karnuka iri fiye da 30 game da halin dabbobinsu. Waɗanda suka fi yawan cizon mutane ko yunƙurin cizo su ne Tekel, da Ciwawa, da Jak Rasel. Dukansu ƙanana ne, ana iya ɗaukarsu a hannu ɗaya.

Kada ku ce na ce masu dokar wawaye ne. Suna da hujjarsu. Ƙaramin kare ya huda mini fata. Ƙato mai kilo 50 in ya kama ƙafa yana iya karya ƙashi, in ya kama wuyan yaro yana iya kashe shi. Wanda ya ajiye irin wannan dabba ya kamata a tambaye shi ko ya iya riƙonta. Takunkumin nan ban ga aibinsa ba. Abin da na gani a kaina shi ne, jerin ya koya wa idona inda zai duba, sai ya bar duban sauran wurare. Tsohuwar ma haka. Tun da sunan karenta ba ya cikin takarda, sai ta ɗauka haƙoransa ma ba su cikin bakinsa.

Kafin in dawo gida na hau jirgin ƙasa na tafi wani gari da ake ce wa Dol, kamar kilomita 50 daga Bezanson. A can aka haifi Luwi Fastor a 1822. Gidan da aka haife shi yana nan a bakin ruwa, a unguwar majema, don mahaifinsa majemi ne. Shi ne mutumin da ya samo allurar haukan kare. Ranar 6 ga Yuli 1885 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 9, sunansa Jozef Maista, mahaukacin kare ya cije shi wuri 14. Aka yi masa allura 13 cikin kwana goma sha ɗaya. Yaron ya rayu har ya tsufa. Na tsaya a ɗakin ina lissafi da yatsu. Daga 1885 zuwa 1984, shekara 99. Allurar tana duniya shekara 99 kafin taubashina ya ɗauki kwikwiyon nan a gindin gawo. Na fita waje na zauna a bakin ruwan, na daɗe ban tashi ba.

Har yanzu ciwon bai ƙare ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Cikin 100 da suka kamu, har 99 daga kare ne. Cikin 10 da ake ciza, 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba, wato sa'o'inku. Dalili a fili yake. Yaro shi ke wasa da kwikwiyo, shi ke sunkuyawa, fuskarsa tana kusa da bakin kare. Kuma yaro shi ke ɓoye cizo don tsoron faɗa. An kuma gano in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 allura a wuri, ciwon yakan daina yaɗuwa. Ranar 28 ga Satumba, ranar da Fastor ya rasu a 1895, ita aka keɓe don tunawa da wannan yaƙi.

A ƙasarmu ba mu cika tambayar irin kare ba. Muna da karen gida, da karen farauta, da dogon siririn nan na Azawak, arewa da Tawa, wanda makiyaya ke ji da shi, har Turawa suna saye suna kai wa ƙasashensu. Amma mu ma muna da namu jeri, a ka yake, ba a takarda ba. Babba abin tsoro, ƙarami abin wasa. Tun da na dawo, in na ga kare na daina auna tsayinsa. Ina duban jelarsa, ko ta shige tsakanin ƙafafu. Ina duban kunnuwansa, ko sun kwanta baya. Ina duba ko jikinsa ya sandare, ko leɓe ya ɗaga. Ina duba ko yana cin abinci, ko barci yake yi, ko karya ce mai shayarwa, don waɗannan ba a matsa musu. In kuwa yana tangaɗi, miyau yana zuba, ko yana cizon itace da ƙasa, ko karen da ba ku sani ba ne ya zo ya kwanta shiru kamar mai ladabi, to ku yi nisa, ku kira babba. In kare ya biyo ku, kada ku ruga. Ku tsaya cik kamar turke, hannuwa a jiki, kada ku zuba masa ido.

A 2019, a gidana na Maraɗi, ɗana na ƙarshe ya shigo da magariba yana ɓoye hannu a cikin riga. Shekararsa 7. Na ce: "Mu gani." Ya ƙi. Na ce ba zan yi faɗa ba. Sai ya fito da hannun. Ƴan ramuka biyu a yatsa. Kwikwiyon maƙwabta ne, sun yi wasa da shi a ƙofar gida. Uwarsa ta leƙo daga madafa ta ce: "Malam, ai ɗan kwikwiyon nan ne, ko wata uku bai yi ba."

Na ce ta kawo buta biyu da sabuni. Na zaunar da shi a bakin magudana, na ajiye agogo a kan turmi. Minti 15 suna da tsawo in yaro yana kuka. Buta biyu ba su isa ba, yayarsa ta yi ta ɗebowa. Da muka gama na ɗora shi a bayan babur muka tafi likita a daren. Aka fara masa allura, aka rubuta mana ranakun da za mu koma, muka koma duka ba mu tsallake ko ɗaya ba. Kuɗin ya ci rabin abin da na ajiye don ragon layya. Layyar shekarar da ɗan akuya muka yi ta.

Da safe na shiga wurin maƙwabcina, muka gaisa. Na roƙe shi ya ɗaure kwikwiyon a inuwa, a ba shi ruwa da abinci, kada a kashe shi, kada a bari ya ɓace, mu ga yadda zai kwana goma. Ya dube ni kamar yadda mutanen gidan bene suka dube ni a Bezanson, amma ya ɗaure shi. Kowace safiya kafin in tafi makaranta sai in leƙa ta katanga. Rana ta goma na tarar ya cinye igiyar, yana bin kaji a tsakar gida.

Maƙwabcin ya ce tun da na damu da shi haka, in ɗauka ya ba ni. Na kai shi ma'aikatar dabbobi aka yi masa allura. Yanzu ya zama ƙato, shi ke gadin gidanmu, ɗana ne ke ba shi ƙanzo. Takardar allurarsa tana cikin akwatina, tare da takardun haihuwar yara.